Na'urorin Ɗumama Ruwa Da Hasken Rana: Alƙaluma Biyu Da Ya Kamata Mai Saye Ya Nema

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, da kuma watan Afrilu na shekarar 2024, sa'ad da hukumar da ke ƙayyade farashin wutar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga masu shan wuta na rukunin A, samar da ruwan zafi ya zama babban nauyi a kan masu otal-otal, asibitoci masu zaman kansu, makarantun kwana, gidajen wanki da guga da ƙananan masana'antun sarrafa abinci. Wannan ya sa hankalin 'yan kasuwa ya koma ga na'urorin da ke ɗumama ruwa da zafin rana kai tsaye, waɗanda ake girkawa a kan rufin gini.

Sai dai sayen irin wannan na'ura ba tare da bincike ba cinikin biri a sama ne. Na'urori biyu za su iya zama iri ɗaya a ido, girma ɗaya, launi kusan ɗaya, amma ɗaya ta ba da ruwan zafi a tsakiyar damina, ɗayar kuwa ta kasa. Abin da ke raba su alƙaluma biyu ne. Na farko shi ne yawan hasken da rana ke saukarwa a garin da za a girka na'urar, wata bayan wata. Na biyu kuwa shi ne irin shafen da aka yi wa faifan ƙarfen da ke cikin na'urar, watau nawa yake zuƙa daga wannan haske, nawa kuma yake saki ya koma iska. Duk wanda ya san waɗannan alƙaluma biyu zai iya lissafa wa kansa ko jarinsa zai dawo, da kuma lokacin da zai dawo.

Bambancinta da faifan sola

Da farko ya kamata a raba wannan na'ura da faifan sola da aka saba gani a kan rufin gidaje da shaguna. Faifan sola yana juya hasken rana ya zama wutar lantarki, kuma wanda ake sayarwa a kasuwa yakan juya wajen kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Na'urar ɗumama ruwa ba ta samar da lantarki. Zafi kawai take tarawa, kuma mai kyau tana iya riƙe rabi ko fiye na hasken da ya sauka a kanta. Saboda haka, ga wanda buƙatarsa ruwan zafi ce ko iska mai zafi ta busar da kaya, murabba'in mita ɗaya na wannan na'ura ya ninka na faifan sola amfani.

Ƙirarta ba ta da wuya. Akwati ne mara zurfi, a ƙasansa an shimfiɗa abin tare zafi, a samansa gilashi, a tsakiya kuma faifan jan ƙarfe ko alminiyam wanda aka liƙa wa bututun ruwa. Rana tana ratsa gilashi ta gasa faifan, faifan ya ɗumama ruwan da ke cikin bututu, ruwan zafi ya hau sama zuwa tanki domin ya fi na sanyi rashin nauyi, na sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba a buƙatar famfo. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a shekarar 1891 wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar wata na'urar ɗumama ruwa da rana a birnin Baltimore na Amurka ya shiga sayarwa. Daga cikin abubuwan da suka sauya tun daga lokacin, wanda ya fi kome tasiri shi ne shafen da ke fuskar faifan.

Dalilin da ya sa baƙin fenti bai wadatar ba

Kowa ya san baƙin abu ya fi fari ɗaukar zafi, shi ya sa aka fara da shafa wa faifan baƙin fenti. Baƙin fenti mai kyau yana zuƙe wajen kashi 95 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa. Matsalarsa tana ɗaya ɓangaren. Duk abin da ya yi zafi yana fitar da wani haske wanda ido ba ya gani, irin wanda mutum ke ji a fuskarsa idan ya tsaya kusa da bangon da ya sha rana ko kaskon suya. Baƙin fenti yana da saurin saki kamar yadda yake da saurin zuƙa, yana fitar da wajen kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da wani abu mai irin wannan zafi zai iya fitarwa.

Wannan hasara tana ƙaruwa da sauri yayin da faifan ke ƙara zafi. Idan aka yi lissafi a sauƙaƙe, aka ɗauka zafin gari digiri 30 ne a ma'aunin Salshiyas, murabba'in mita ɗaya na faifai mai baƙin fenti yana sakin wajen wat 90 idan ya kai digiri 45, wajen wat 200 idan ya kai digiri 60, da wajen wat 360 idan ya kai digiri 80. Gilashin da ke samansa yana rage wani ɓangare na wannan hasara, amma ba ya kawar da ita. Da tsakar rana, idan sararin sama ya washe, hasken da ke sauka a murabba'in mita ɗaya yakan kai wajen wat 1,000, saboda haka faifan na iya jure hasarar. A ranar da hadari ya lulluɓe gari, haske ya sauka zuwa wat 400, abin da faifan ke zuƙa da abin da yake saki sun kusa zama daidai tun kafin ya kai digiri 80, ruwan kuma ya tsaya a ɗumi-ɗumi.

Maganin wannan matsala ya fito ne daga wani bambanci da masu sauraron rediyo za su gane nan da nan, watau bambancin gajeren zango da dogon zango. Fuskar rana tana da zafin wajen digiri 5,500, kuma haskenta yana zuwa ne a gajeren zango. Faifan da ya yi zafin digiri 80 ko 100 yana fitar da nasa hasken a zangon da ya ninka na rana tsawo fiye da sau goma. Tun da zangunan biyu ba su haɗu ba, ana iya ƙera shafe wanda zai zama baƙi ga gajeren zango, ya zuƙe hasken rana, amma ya zama kamar madubi ga dogon zango, ya ƙi sakin zafin da ya tara. Ana yin haka ta hanyar ɗora wani siririn rufi mai duhu, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a kan ƙarfe mai sheƙi. Gajeren zango yana maƙalewa a cikin rufin. Dogon zango kuwa ba ya ma ganin rufin saboda sirantakarsa, ƙarfen da ke ƙasa yake gani, shi kuwa ƙarfe mai sheƙi ba ya sakin zafi sosai. Irin wannan shi ake kira shafe mai zaɓe.

Masanin kimiyyar da ya fito da shi zuwa amfanin yau da kullum shi ne Harry Zvi Tabor, haifaffen London wanda ya yi aikinsa a Isra'ila, ya kuma gabatar da sakamakon bincikensa a wani taron duniya kan makamashin rana a jihar Arizona ta Amurka a shekarar 1955. A shekarar 1980 ƙasarsa ta kafa dokar da ta wajabta sanya na'urar ɗumama ruwa da rana a sababbin gidajen zama, kuma a yau mafi yawan gidajen ƙasar da ita suke samun ruwan zafi.

Ire-iren shafen da ke kasuwa

Mai shigo da kaya zai tarar da manyan nau'o'i huɗu. Na farko shi ne baƙin fenti mai jure zafi, wanda ya fi kowanne araha, kuma kowane mai walda zai iya fesa shi. Na biyu shi ne baƙin kurom da baƙin nikel, waɗanda ake ɗorawa a kan ƙarfe ta hanyar tsoma shi a ruwan sinadari da ake ratsa wa wutar lantarki. Baƙin kurom yana zuƙar wajen kashi 95, yana sakin kashi 10 zuwa 20, kuma shi ne ya mamaye kasuwa a shekarun 1970 da 1980. Yana da juriya, sai dai sinadarin da ake yin sa da shi guba ne ga ma'aikata da ruwan sha, abin da ya sa ƙasashen Turai suka tsaurara dokoki a kansa.

Na uku shi ne shuɗin shafe, wanda ya bayyana a Jamus a shekarun 1990, mafi shahararsa kuwa shi ne mai suna TiNOX, wanda ake yi da sinadarin titaniyam. Ana fesa shi a cikin wani ɗaki da aka zuƙe wa iska, a kan nannaɗaɗɗen faranti na jan ƙarfe ko alminiyam. Yana zuƙar kashi 95, yana sakin wajen kashi 5 kacal. Bisa lissafin da ya gabata, a inda baƙin fenti ke sakin wat 360, shi wajen wat 20 yake saki. Launinsa shuɗi ne mai duhu da ɗan sheƙi, amma launi kaɗai ba shaida ba ne, domin ana iya yin fenti mai kama da shi.

Na huɗu shi ne wanda ke cikin bututun gilashi, irin na'urorin da suka fi yawa a cikin kayan da ake shigowa da su daga ƙasar Sin. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar yadda ake yi wa filas ɗin shayi, an kuma yi wa na ciki shafe mai zaɓe. Farfesa Yin Zhiqiang na Jami'ar Tsinghua da ke Beijing shi ne ya ƙirƙiro shafen alminiyam mai araha da ake yi musu a shekarun 1980, kuma a kansa aka gina masana'antar da ta sa Sin ta mallaki fiye da kashi biyu cikin uku na dukkan na'urorin ɗumama ruwa da rana da ke duniya. Da yake babu iska a tsakanin gilasan, zafi ba ya samun hanyar tserewa ta iska, saboda haka bututun yana aiki sosai a ranar hadari da lokacin sanyi.

Wannan ba ya nufin cewa kowane aiki yana buƙatar shafe mai tsada. Akwatin busar da tumatir, tattasai, albasa, citta ko kifi yana aiki ne a tsakanin digiri 45 da 60, kuma a wannan mataki baƙin fenti ya wadatar, musamman a lokacin rani a Arewa. Wanda ya kashe kuɗin musaya ya sayo shuɗin shafe domin irin wannan aiki ya yi ɓarna. Amma otal, asibiti, masana'antar madara, marina ko majema, waɗanda ke son ruwan digiri 60 zuwa 80 kowace rana ba tare da la'akari da yanayin gari ba, su ne shafe mai zaɓe yake biya wa kuɗinsa.

Nawa rana ke saukarwa

Alƙalami na biyu shi ne yawan hasken da ke sauka a wuri. A can sama, kafin hasken ya shigo cikin iskar da ta kewaye duniya, ƙarfinsa wajen wat 1,361 ne a kowane murabba'in mita. Gajimare, ƙura, hayaƙi da tururin ruwa suna cinye wani ɓangare kafin ya iso ƙasa. Ana ƙidaya jimlar abin da ya iso a yini ɗaya da ma'aunin da ke kan mitar wutar lantarki, watau yunit ko kilowat-awa, a kowane murabba'in mita.

Manufar makamashi ta ƙasa da aka fitar a shekarar 2003 ta ƙiyasta cewa matsakaicin abin da Nijeriya ke samu ya tashi daga wajen yunit 3.5 a yini a bakin teku zuwa wajen yunit 7 a ƙarshen Arewa. Taswirorin baya-bayan nan da aka gina a kan hotunan tauraron ɗan'adam sun rage wannan tazara, suna nuna wajen yunit 6 a Sakkwato, Kano da Maiduguri, da kuma tsakanin 4 da 5 a Legas, Fatakwal da Kalaba. Matsakaicin shekara kuwa yana ɓoye abin da ya fi damun ɗan kasuwa. A Kudu, watannin Yuli da Agusta su ne mafi ƙarancin haske, inda a Legas yakan sauka zuwa wajen yunit 4. A Arewa haske yana kai ƙololuwa a Maris da Afrilu, yana raguwa a Agusta saboda hadari, da kuma Disamba da Janairu saboda hazon hunturu da karkatar rana zuwa kudu. Wannan lokaci na hunturu shi ne kuma lokacin da buƙatar ruwan zafi ta fi yawa, musamman a garuruwa irin su Jos.

Hanya mafi inganci ta sanin adadin ita ce aunawa da na'urar da ake kira firanomita, wadda ke da wani ɗan baƙin faifai a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi. Na'urar tana da tsada, tana buƙatar a goge ta kullum, a kuma riƙa daidaita ta lokaci-lokaci, saboda haka tashoshin da suka daɗe suna amfani da ita ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Abin da ya fi yawa a tashoshin duba yanayi shi ne wata tsohuwar na'ura da John Francis Campbell ya ƙirƙiro a shekarar 1853, George Stokes ya gyara ta a 1879. Dunƙulen gilashi ne da ke tattara hasken rana ya ƙona layi a kan kati. Da yamma ma'aikaci ya auna tsawon ƙunar ya san awa nawa rana ta haska. Ba ta faɗin ƙarfin hasken, awanni kawai take ƙirgawa.

Daga awannin rana zuwa yunit

A shekarar 1924 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Anders Angstrom ya nuna cewa akwai dangantaka madaidaiciya tsakanin awannin da rana ta haska da jimlar hasken da ya sauka, sa'an nan a 1940 J. A. Prescott na Ostireliya ya gyara ƙa'idar ta zama yadda ake amfani da ita har yau. Ana fara wa da hasken da zai sauka a wurin da a ce babu iska a sama, wanda ake lissafawa daga matsayin garin a taswira da kwanan wata. A Nijeriya wannan adadi yana tsakanin yunit 8 da 10 da rabi, gwargwadon wata da wuri. Sa'an nan a ninka shi da wani kaso da ya dogara ga awannin rana. Inda babu alƙaluman gida, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a littafinta na lissafin ruwan ban-ruwa na shekarar 1998, ta ba da shawarar a ɗauki kashi 25 cikin 100 a matsayin abin da ke isowa ko da rana ba ta fito ba, a ƙara masa rabin kason awannin da ta haska daga cikin tsawon yini.

Alal misali, a ƙaddara hasken sama yunit 10 ne, tsawon yini kuma awa 12. Idan rana ta haska awa 9, watau kashi 75 na yinin, rabinsa 37.5 ne, a haɗa da 25 ya zama 62.5, abin da ya iso ƙasa ke nan yunit 6.25. Idan awa 3 kawai ta haska, kamar yadda yakan faru a Kudu a tsakiyar damina, kason ya zama 37.5, abin da ya iso yunit 3.75. A inda ba a ƙirga awannin rana ma, akwai wata ƙa'ida ta Hargreaves da Samani ta shekarar 1982, wadda ke amfani da tazarar da ke tsakanin zafin rana mafi yawa da sanyin dare mafi ƙasa, domin sararin da ya washe yakan kawo rana mai zafi da dare mai sanyi.

Waɗannan ƙa'idoji suna da rauni a wannan yanki. Katin Campbell da Stokes yana ƙonewa da zarar hasken rana kai tsaye ya wuce wajen wat 120. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza ta har bakin teku, katin zai iya nuna awa takwas ko tara, alhali kuwa hazo ya rage ƙarfin hasken ƙwarai. Wannan ya sa masanan ƙasar nan suka daɗe suna neman alƙaluman da suka dace da kowane yanki. C. I. Ezekwe da C. C. O. Ezeilo sun wallafa awon da suka yi a Nsukka a shekarar 1981, shi kuma Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Makamashi ta Nijeriya, ya wallafa nasa ƙa'idojin domin Arewacin Nijeriya a 1986. Cibiyoyin binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Nijeriya a Nsukka sun ƙera na'urorin ɗumama ruwa, busar da amfanin gona da dafa abinci da rana. A maƙwabciyar ƙasa Nijar, Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasar daga shekarar 1969, inda aka riƙa ƙera irin waɗannan na'urori a gida.

A yau ɗan kasuwa yana da sauƙin da magabatansa ba su samu ba. Bankin Duniya ya buɗe taswirar Global Solar Atlas a intanet a shekarar 2017, hukumar NASA ta Amurka da Tarayyar Turai su ma suna da nasu rumbunan, kuma duk kyauta ne. Mutum zai rubuta sunan gari ya ga ƙiyasin hasken da ke sauka a wurin. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne da aka ciro daga hotunan gajimare, kuma kuskurensu ya fi yawa a wuraren da ƙura da hayaƙi suka yi yawa. Sun isa ga mai girka na'ura a otal ko makaranta. Ga babban aiki na miliyoyin daloli kuwa, masu ba da rance sukan nemi a auna hasken a filin da kansa na tsawon aƙalla shekara ɗaya, a gwada shi da na tauraron ɗan'adam. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa a shekarar 2003, ita ke riƙe da bayanan tashoshin ƙasar.

Haɗa alƙaluman biyu

A ƙaddara wani otal yana buƙatar lita 2,000 ta ruwan zafi a kowace rana, daga digiri 25 zuwa 60. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16, saboda haka aikin yana buƙatar wajen yunit 81 a yini. A kan farashin Naira 225 na watan Afrilun 2024, wannan ya haura Naira 18,000 a rana, fiye da Naira miliyan shida da rabi a shekara. Idan na'urar tana riƙe rabin hasken da ya sauka, a garin da ke samun yunit 6 kowane murabba'in mita zai ba da yunit 3, ana buƙatar murabba'in mita 27. A garin da ke samun yunit 4 ana buƙatar wajen 40. Dillalin da ya ɗauki lissafin Sakkwato ya sayar wa mai otal a Fatakwal ya ba shi kashi biyu cikin uku na abin da yake buƙata a damina, sauran kuwa hitar lantarki ko janareta ne zai cike.

A nan ne alƙaluman biyu suke haɗuwa. Zafin da faifai ke saki bai dogara ga ƙarfin rana ba, ya dogara ne ga zafin faifan kansa. Saboda haka duk lokacin da haske ya ragu, hasarar tana cin kaso mafi girma na abin da aka tara. Ma'anar wannan ita ce shafe mai zaɓe ya fi muhimmanci a Legas, Fatakwal, Ibadan da Jos, inda hadari ko sanyi ke da yawa, fiye da Sakkwato ko Nguru, inda ƙarfin rana ke rufe aibin baƙin fenti a mafi yawan watanni. Haka kuma riƙe rabin haske da aka ɗauka a misalin da ya gabata abu ne mai yiwuwa ga shafe mai zaɓe, amma faifai mai baƙin fenti ba zai kai haka ba a ranar hadari.

Abin da za a duba kafin a biya

Takardar bayanin kowace na'ura ta gari tana ɗauke da lambobi biyu game da shafen, ɗaya na zuƙa, ɗaya na saki. Na zuƙa ya kamata ya kai 0.90 ko ya wuce, na saki kuma kada ya wuce 0.10 ga shuɗin shafe ko 0.20 ga baƙin kurom. Takardar da ta ambaci na zuƙa kaɗai ta yi shiru a kan na saki abin tuhuma ce, domin baƙin fenti ma yana da 0.95 a wannan ɓangare. Shaidar gwaji bisa ƙa'idar ISO 9806, ko tambarin Solar Keymark na Turai, tana nuna cewa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya auna na'urar, ban da takardar SONCAP da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ke nema a kan kayan da ake shigowa da su.

Ga bututun gilashi akwai alamar da ido ke gani. A gindin kowane bututu akwai wani shafe mai sheƙin azurfa. Idan ya koma fari kamar gari, iska ta shiga, bututun ya mutu, sai a sauya shi. Ba a zuba ruwan sanyi a bututun da ya bushe a rana, domin zafinsa yana iya wuce digiri 200, gilashin kuma zai fashe. A garuruwan bakin teku, laima da gishirin iska suna cin shafen da ke cikin akwatin da bai rufu da kyau ba, saboda haka ingancin roba da ramukan shan iska na akwatin yana da muhimmanci kamar shafen kansa. Inda ruwan rijiyar burtsatse ke da kanwa ko farar ƙasa, yakan daskare a cikin bututu ya toshe shi a hankali.

Wajen girkawa, ana fuskantar da na'urar kudu, a karkata ta da kimanin digiri 10 zuwa 15, wanda ya yi kusa da nisan garuruwan ƙasar nan daga layin tsakiyar duniya, tun daga Legas mai digiri 6 da rabi zuwa Sakkwato mai digiri 13, kuma yana ba ruwan sama damar wanke gilashin. A lokacin hunturu babu ruwan da zai wanke shi, saboda haka tilas a sa ma'aikaci ya riƙa gogewa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Ga masu ƙere-ƙere na gida akwai wata dama. Kamfanonin da ke yin shuɗin shafe suna sayar da faranti a nannaɗe ga masu haɗa na'urori. Akwati, tanki, bututu da ƙafafun girkawa duk ana iya yin su a Kano, Kaduna, Aba ko Legas, a shigo da faranti mai shafe da gilashi kawai, abin da zai rage kuɗin musaya da kuɗin dakon kaya mai girma. Sharaɗin shi ne a kiyaye farantin daga taɓawar hannu ba safa da kuma tartsatsin walda, domin rufin da ke kansa siriri ne ƙwarai.

Mai saye yana da haƙƙin ya nemi dillali ya rubuta abubuwa uku a cikin takardar ciniki kafin kuɗi ya fita: lambobin zuƙa da saki na shafen, adadin hasken rana da aka yi lissafi da shi tare da sunan gari da watan da ya fi ƙarancin haske, da kuma yawan litar ruwa da zafin da na'urar za ta bayar a wannan wata. Da waɗannan a rubuce, idan Agusta ta zo ruwan bai yi zafi ba, akwai abin da za a koma a duba.